Ladan Yini Guda a Jamus, Albashin Wata Biyu a Rano

Yuro ɗari da 'yan kai ake sayar da makirufon Shure SM57 a shagunan kayan kiɗa na nan Jamus, sabo fil a kwalinsa. Mafi ƙarancin ladan aiki a ƙasar nan a 2025 Yuro 12.82 ne a awa, wato mai wanke kwanuka a gidan abinci zai iya sayensa da gumin yini guda da ɗan ciko. In ka mayar da kuɗin zuwa naira sun haura 150,000, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Wannan lissafi ya hana ni sakat, musamman idan 'yan'uwa suka turo mini bidiyon biki daga Rano ko Kibiya. Kana ganin mai kalangu yana zufa, hammatarsa na matse ganga, gula na tashi na sauka, amma abin da ke fita daga lasifika muryar mawaƙi ce kawai da ihun sanƙira.

A wani zauren wasanni da ke Kolon, inda nake taya ɗaukar kaya a ƙarshen mako, ba a yi wa ganga haka. Kowace ganga tana da nata makirufo, amfilifayar jita ma da nata. Na ga mai haɗa sauti ta durƙusa gaban amfilifaya da tocila, tana haska ƙyallen gabanta don ta gano daidai inda sifika take a ciki, sannan ta matsar da makirufon da faɗin yatsa biyu, ta koma ta saurara, ta sake dawowa. Raina ya ce wannan ai ɓata lokaci ne. Da aka fara kiɗa sai na yi shiru.

Amma ina da abin tinƙaho. Tamburan Sarkin Rano ba su taɓa jiran wutar lantarki ba kafin gari ya san an buga su, kuma mai gangar noma yana cika gonar gayya da hannunsa. Gangar Turawa ba ta fi tamu murya ba, kalangu ma ya fi ta iya magana. Matsalar ta zo ne ranar da aka bai wa mawaƙi lasifika aka bar makaɗi da ƙarfin damtse. Daga nan sai fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano da kiɗan gangarsa na cikin inji, mai kalangu na gaskiya ya koma ɗan rakiya.

Shi SM57 ɗin ba sabon abu ba ne. Kamfanin Shure na Amurka ya fito da shi a 1965, kuma tun zamanin Lyndon Johnson shugabannin ƙasar suke jawabi da shi. A cikinsa akwai tantani da ɗan naɗin waya da maganaɗisu. Sauti ya kaɗa tantanin, wayar ta motsa, sai ta haifar da 'yar wutar da mikisa ke karɓa. Ba ya son batir, ba ya buƙatar wutar bolt 48 da makirufon situdiyo mai laulayi ke nema, kuma ƙarar ganga ba ta shaƙe shi. Shi ne jakin makirufo: ya sha ƙurar hunturu da zafin bazara da faɗuwa daga bayan a-kori-kura, gobe ya tashi aiki. Kamar don mu aka ƙera shi, sai dai farashin ya ce ba don mu ba.

Ga abin da na koya, wanda zai yi aiki da kowane makirufo irinsa. Gabansa ne ke ji, bayansa kurma ne. Don haka a juya bayansa ga lasifika ko ga gangar da ta fi ƙara, shi ne maganin kukan nan mai huda kunne. A daina dunƙule kansa a tafin hannu yadda sanƙirorinmu suke yi, domin toshe ramukan gefe yana sa ya riƙa ji ta ko'ina, kuka ya ƙaru.

A kan kalangu, a kafa shi kan sanda wajen fatar da ake duka, tazarar taƙi guda, a ɗan karkace, nesa da hanyar gula. Mai kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, saboda haka a ja masa layi a ƙasa, a gaya masa in ya wuce nan ya ɓace wa jama'a. Idan aka matso da makirufon sautin zai yi kauri, idan aka ja baya zai yi siriri kuma ya kwaso hayaniyar fili. Kada a sa ɗaya a gaba ɗaya a baya a ganga mai fuska biyu, sai in mikisar na da maɓallin juya ɗayan, domin lokacin da fatar gaba ta shige ciki ta baya waje take yi, sai sautukan biyu su cinye juna. Babbar ganga mai gurnani kuwa ta fi son irin su AKG D112, don SM57 ba ya kwaso ƙasan sauti sosai.

A kan amfilifayar jita, tsakiyar sifika tana ba da sauti mai kaifi, gefenta mai taushi. A fara daga tsakanin biyun, kusa da ƙyallen. Kada a rataye shi da wayarsa daga saman amfilifaya, don a haka ƙasa yake kallo. Sennheiser e609 mai faffaɗan kai shi aka yi don ratayewa. Masu jitar Agadas da ke cika zaurukan Turai a yau sun san darajar wannan, kuma kada mu manta ɗaya daga cikinsu, Mdou Moctar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008. Haka za a yi wa garaya ko kukumar da aka jona wa amfilifaya.

A yi amfani da waya mai haƙori uku, a raba ta da wayar janareto don gudun gurnani. A rage ƙarfi a mikisa kafin jar fitila ta kama, a kuma rage amsa-kuwwar nan da muke zubawa har baƙar magana da fara su zama ɗaya.

Farashin nan shi ne ya cika kasuwanni da jabu. Idan aka ce maka SM57 sabo a naira 15,000, ka san araha ba ta ado. Na asali nauyinsa giram 284 ne, kuma kansa yana juyawa in ka murza shi. Gara na hannu na gaskiya da sabon bogi.

Masu hayar lasifika a Rano da Kibiya, ba sai kun sayi guda takwas kamar mutanen Jamus ba, biyu sun isa a ji kalangu da ganga. Ku haɗa kuɗi ku saya, ku riƙa karɓa-karɓa. Mu kuma da ke waje, in za a aika tsaraba gida, a rage turare a sa makirufo ɗaya a jaka.