A Wurin Cefane A Ke Gane Mai Tattalin Ƙasa

A 'yan shekarun nan an yawaita magana a gidajen rediyo a kan masu kula da muhalli, watau mutanen da ke kaffa-kaffa da ƙasa da ruwa da itatuwa. Wasu sun ɗauka wannan ɗabi'a ce ta Turawa da 'yan boko. Ni kuwa da na tashi tsakanin Jega da Aliero da Maiyama na san irin mutanen nan, galibinsu ma ba su taɓa jin kalmar muhalli ba. A wurin cefane a ke gane su.

A Turai mai wannan hali ya kan kashe kuɗi fiye da maƙwabcinsa, domin abincin da aka noma ba tare da maganin ƙwari ba ya fi tsada. A wajenmu kuwa shi ne mai kashe kaɗan. Abin da ya raba shi da sauran masu saye shi ne, kafin ya miƙa kuɗi ya kan tambayi kansa inda abin ya fito, da inda zai ƙare in an gama da shi.

Ku dubi kasuwar Jega. Mutum zai sayi tattasai a ƙulla masa a leda, ya sayi gishiri a ƙulla a wata, daddawa a wata, sa'an nan ya nemi babba ya zuba su duka. Kafin la'asar ledojin nan suna yawo a lungu. Mai lura kuwa da kwandonsa ko tsohon buhu ya ke fitowa daga gida, man gyaɗa a zuba masa a kwalbar da ya zo da ita, fura a ƙwarya. Na ji ana yi wa irinsu ba'a, wai maƙo ne ya hana su sayen ledar naira ashirin. Wata rana a mahauta na tsaya ana feɗe wata saniya ramammiya, sai mahaucin ya zaro wani dunƙule baƙi daga tumbinta, ya kusa kan yaro girma. Ya ce mini, "Malam, ka ga abin da ya hana ta ƙiba. Mai ita yana ta sayen dusa, ashe ciki ya riga ya cika." Leda ba ta narkewa a cikin dabba, ba ta kuma ruɓewa a gona kamar ganye. Saboda irin wannan ɓarna ƙasar Ruwanda ta hana ta a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi daga kogi ta zo, ba zan ɗora wa leda laifinta ba. Amma ruwan da ke kwana a ƙofar gida bayan an ɗauke sama, a tona kwata a ga abin da ya toshe ta.

Ga batun ruwa, malamai sun karantar da mu cewa da mudu guda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ke alwala, abin da bai kai lita ɗaya ba. Na san dattawan da buta guda ke kai su salla biyu, alhali wani ya kan saki famfo har ya gama wanke ƙafa.

A Aliero, garin albasa, matan da suka iya gida ba su zubar da lawashi. Su kan daka shi, su dunƙula, su shanya ya zama gabu, a yi ta miya da shi har lokacin da albasa ta yi tsada.

Inda abin ya fi wuya shi ne makamashi. Wanda ya bi hanyar Maiyama zuwa Koko ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Kafin a sami buhu guda sai an ƙone itacen da ya ninka shi nauyi sau biyar ko fiye, kuma ƙirya aka fi so, itacen da ke daɗewa kafin ya girma. A nan ba na ganin laifin matar da ba ta da kuɗin iskar gas, domin dole tukunya ta hau wuta. Sai dai ko a cikin talakawa akwai bambanci. Wata ta kan jiƙa wake kafin ta ɗora, ta rufe tukunya, ta kange murhu daga iska, in ta sauke ta zare sauran itacen ta yayyafa masa ruwa don gobe. Maƙwabciyarta kuwa sai ta bar wuta na ci har ta zama toka. Damin da ke kai ta farkon kwana biyar, a gidan ta biyun kwana uku ya ke yi, kuma mai itace ɗaya ne ke kawo musu.