Daga Bakin Ruwa Zuwa Bakin Murhu: Neman Ganye a New Bell

A wannan fitowa ba mu yi nisa ba, cikin garin Duwala muka tsaya, saboda wata magana da ta cika majalisun mazanmu da ɗakunan matanmu, musamman a makonnin da ke biyo bayan Babbar Sallah, lokacin da kowane gida ya yi kwanaki yana cin soyayyen naman layya safe da dare. Maganar kuwa ita ce ta wankin ciki. Wani ya ɗaura niyyar yin mako guda ba ya cin komai sai ruwan 'ya'yan itace, wata ta sayo shayin kwali mai rage ƙiba, wani kuma ya dogara ga kwalbar jiƙon da ake talla a tashar mota. Kowa dai so yake ya fitar da datti daga jikinsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun abincinmu tun daga inda yake shigowa gari har zuwa tukunya, ko ma gane ta inda dattin yake shiga tun farko.

Abin da jirgi ke kawowa

Muka fara da tashar jiragen ruwa da ke bakin kogin Wuri. Duk wanda ya tsaya a hanyar da ta bi gefenta zai ga manyan motoci sun yi jerin gwano, wasu za su Yawunde, wasu Garwa da Marwa, wasu kuma har Chadi da Afirka ta Tsakiya, domin ƙasashen nan biyu ba su da teku, ta nan mafi yawan kayansu ke bi. Da yawa daga direbobin da 'yan kamasho da masu dako 'yan'uwanmu ne. Idan ka dubi abin da ake saukewa na ci, za ka tarar da buhunan farar shinkafa daga ƙasashen Asiya irin su Tailan da Indiya, da alkamar da ake niƙawa a yi fulawar burodi da fanke da taliya, da kwalayen daskararren kifi, da madarar gwangwani da tumatirin gwangwani. Ƙasar nan tana noma shinkafa a Yagwa da Ndop, amma ba ta isa, alkama kuwa kusan dukkanta daga waje take zuwa.

Ba mu ce wannan abinci haramun ne ko guba ba. Amma fa shi ne ya kori gero da dawa daga gidajenmu a hankali. Da safe fanke da wake da koko mai sukari a bakin titi, ko burodi da shayi mai madara. Da rana shinkafa da miyar mai. Da dare taliya ko tsire. Ga shi tafiyar ƙasa ta ragu tun da 'yan bensikin suka cika gari a shekarun 1990, ko kasuwa za ka sai ka hau babur. Bugu da ƙari, tukunyar da ta dogara ga jirgi ba ta da tabbas. Manyanmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Haka kuma ba a manta da Fabrairun 2008 ba, da tsadar mai da ta abinci ta fito da mutane kan titi, abin kuma daga nan Duwala ya faro.

Abin da ƙasa ke bayarwa

Ba nisa da tashar akwai kasuwar Sandaga, inda motocin kayan lambu ke sauke kaya tun kafin asuba. A nan ne mutum zai san cewa Allah ya yi wa ƙasar nan arziki. Ga kwandunan tumatir daga Fumbot, ga kabeji da karas da koren wake daga tsaunukan Yamma, ga abarba da gwanda daga Njombe da Penja, ga agade, wato ayabar dafuwa, tuli-tuli, ga makabo da dankali da fiya. Ruwan saman da ke sauka a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, alhali na Marwa bai kai 1,000 ba. Ma'ana, ɗanyen ganyen da kakanninmu ke jira sai damina su gani, su shanya saura domin rani, mu a nan muna da shi wata goma sha biyu.

Daga Sandaga muka nufi gida, wato New Bell. Ga wanda bai san asalin unguwar ba, Jamusawa ne suka yanke ta lokacin da suka ƙudurta tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogi, suka bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninta da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa da ƙwace ƙasar, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya wurin ya zama masaukin baƙi: Hausawa fatake, da Bamileke, da Basa, da mutanen Najeriya da sauran ƙasashen yamma. Da layin dogo ya isa Ngaundare a 1974, hanyar kayan arewa ta ƙara sauƙi. Shi ya sa yau idan ka ratsa babbar kasuwa ka shiga lungunan unguwar Hausawa da ke kewaye da babban masallaci, za ka ga kasuwa biyu a wuri ɗaya. A wannan gefe dattijo ya baje kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da tsamiya da zoɓorodo da gero da albasar Marwa. A ɗaya gefen matar kudu ta jera ɗaurin ɗanyen ganye, tana yayyafa masa ruwa.

Abin mamaki shi ne da yawa daga matanmu suna wuce ganyen nan ba sa ko kallo, wai abincin mutanen kudu ne. Alhali kuwa suna ne kawai ya bambanta. Ndole da Duwala ke alfahari da shi, shuwaka ce. Folong alayyafo ne. Kelen-kelen lalo ne. Folere yakuwa ce. Tasba da Fulani ke miya da ita tafasa ce. Koki kuwa ɗan'uwan alale ne, sai dai shi a ganyen ayaba ake naɗe shi da manja. Hatta kanwar da matan kudu ke jefawa cikin ruwan tafasa ndole, da sunanta na Hausa suke kiranta. Baƙi a gare mu su ne irin su eru da zom da ganyen rogo, su ma maƙwabciya za ta koya miki a yini ɗaya idan kin tambaya.

Gaskiyar wankin ciki

To, mu koma ga masu kwalba da kwali. Likitoci sun yi bayani cewa jikin ɗan Adam yana da masu wankinsa, wato hanta da ƙoda, suna aiki dare da rana ba hutu. Babu ingantaccen bincike da ya nuna cewa wani shayi ko ruwan 'ya'yan itace yana fitar da wata guba da su suka kasa fitarwa. Da yawa daga shayin rage ƙiba ganyen filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani sarai a matsayin maganin da ke sa zawo, ba su kuma taɓa mai da shi abin sha na kullum ba. Wanda ya sha ya yi ta zarya bayan gida, ya hau sikeli ya ga ya ragu, ruwan jikinsa ne ya zube, ba kitse ba. A gari mai zafi da gumi irin Duwala wannan ba wasa ba ne, domin ƙodar da ake cewa za a wanke ita ce ke fara wahala idan ruwa ya yi ƙaranci. Jiƙon da ba a san abin da aka zuba ciki ba, ba a kuma san ma'auninsa ba, haɗarinsa ya fi haka. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, idan ya daina cin abinci kwatsam, sugansa na iya faɗuwa ya suma.

Amma niyyar a kanta mai kyau ce. Hutar da ciki daga nama da soye-soye na mako ɗaya ko biyu, a koma ga ganye da wake da hatsi, abu ne da kowane gida zai amfana da shi, ba don yana wanke jini ba, sai don yana rage gishiri da mai da sukari, yana ƙara harzar da ke sa bayan gida ya zo da sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Uwargida ta lissafa da kanta: dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ta jefa uku ko huɗu a miya, ta ƙara gishiri, ta ƙara kanwa, maigida kuma ya dawo da tsire mai yaji. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, sau da yawa sai ya kayar da mutum ake sanin yana nan.

A bakin murhu

Wanda ke son gwadawa ba ya bukatar komai daga kantin magani. Da safe a dama kunun gero da tsamiya ko kunun gyaɗa, a rage sukari, a haɗa da yankan gwanda. Da rana a yi faten wake da alayyafo, ko dafaffen agade da miyar yakuwa da gyaɗa, ko ɗanwake da kabeji da tumatir da albasa, man cokali ɗaya ya isa. Da dare tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko lalo ko ɗanyar kuɓewa, daddawa ta maye gurbin rabin magi, citta da tafarnuwa da masoro su ƙara ƙamshi. Kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli, waɗanda yaran da aka haifa a nan suke yi wa kallon abincin ƙauye, sun fi salak ɗin otal mai mayonis. Ndole ma ana yinsa da gyaɗa da albasa ba tare da nama ba, ya yi daɗi. Zoɓo kuwa a sha shi da citta da ɓawon abarba, kada a mai da shi ruwan sukari mai launi.

Akwai abubuwa uku da zaman Duwala ya wajabta a kula da su. Na farko ruwa. New Bell shimfiɗaɗɗen wuri ne, da damina ta kankama daga Yuni zuwa Oktoba lambatu kan cika ya malalo cikin lungu da kasuwa, kuma ba mu manta da annobar kwalara ta 2004 ba. Saboda haka ganyen da aka baje a ƙasa a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, abin ɓarewa a ɓare, abin dafawa a dafa. Ganyen rogo musamman sai an daka an dafa shi ya nuna sarai, domin ɗanyensa yana da guba. Na biyu danshi. Buhun gyaɗa ko masara da zai shekara lafiya a Garwa, a nan cikin 'yan makonni sai ya fara fumfuna, kuma fumfunar gyaɗa da masara tana haifar da wata guba mai lalata hanta wadda dafuwa ba ta kashe ta. Wannan ita ce gubar gaske, maganinta kuwa a sayi kaɗan-kaɗan, a tsince, a zubar da mai ɗaci ko mai baƙi, a rufe kuka da daddawa cikin kwalba. Na uku kanwa. Tana sa ganye ya yi kore shar, wake ya nuna da wuri, amma tana kashe wasu sinadaran amfani, tana kuma ƙara wa mai hawan jini nauyi. A jiƙa wake tun dare, sai a ga ba a bukatarta.

Kada kuma a wuce gona da iri. Mu mutanen nama ne, da yawanmu da fawa da tsire da kilishi muke ciyar da iyali, ba kuma cewa muke a daina ba. Wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da nono gaba ɗaya na tsawon lokaci zai rasa sinadarin B12, wanda babu shi a ganye, rashinsa kuma yana kawo ƙarancin jini da ciwon jijiya. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara ba su cikin wannan tsari. Mai ciwon suga ko ƙoda ko hawan jini ya fara ganin likitansa, ko a asibitin gundumar New Bell ko a Laquintinie, kada kuma ya ajiye maganinsa don ya fara cin ganye. Bayan makon hutu ya wuce, nama ya dawo a matsayin ɗan rakiyar miya, ganye ya riƙe rabin kwano.

Kiranmu na ƙarshe ga magidanta ne, tun da su ke ba da kuɗin cefane. Kuɗin kwalin shayi ɗaya zai sayi ganyen kwanaki da yawa, amma uwargida ba za ta dafa abin da maigida zai ture ya fita neman tsire ba. Idan Alhaji ya zauna ya ci kwaɗo a gaban 'ya'yansa, su ma za su ci. Iyayenmu mata da suka san haɗin dambu da fate da miyar taushe su koya wa 'yan mata tun suna raye, domin ilimin da ba a rubuta ba yana tafiya da mai shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.