Ɗan Hakin da Muka Raina

A daminarmu ta farko a jami'a, nan kudancin ƙasar nan, ƙwari iri biyu ne suka riƙa kawo mana ziyara ɗakin kwana da dare. Ɗaya baƙi ne wuluk, mai dogayen ƙafafu da saurin gudu, bayansa a rufe ruf da taurarran fukafukai kamar sulke. Ɗayan kuwa ɗan siriri ne, tsawonsa bai wuce santimita 1 ba, jikinsa ratsin ja da baƙi, kai ka ce tururuwa ce ta ci ado.

Baƙin muke tsoro. Da zarar ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙofa sai mu bi shi da takalmi. Ƙaramin kuwa, wanda hasken fitila ke jawowa, in ya sauka mana a wuya muna karatu, murtsuke shi muke yi da hannu, ko a jikinmu.

Ana saura kwana uku jarrabawa, ɗayanmu ya wayi gari wuyansa ya saɓule kamar an ɗiga masa tafasasshen mai, idonsa guda ya kumbura suntum. Da ido ɗaya ya rubuta jarrabawar.

Wani ɗalibin sashen nazarin dabbobi ne ya warware mana zare da abawa. Ya ce baƙin nan ƙwaron ƙasa ne, dangin Carabidae, mafarauci mai cin tsutsotsin da ke ɓarnar amfanin gona. Iyakar faɗansa, in an kama shi ya saki ruwa mai wari. Ƙaramin kuwa Paederus ne, dangin Staphylinidae. Alamarsu gajerun fukafukan sama da ke barin cikinsu a buɗe, sukan kuma ɗaga bindi sama kamar kunama. Ba ya cizo, ba ya harbi. Dafinsa cikin ruwan jikinsa yake, yawanci sai an murtsuke shi yake taɓa fata, ƙunar kuma ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Hannun da ya kashe shi, shi ya kai dafin ido.

Ashe da hannunmu muka cuci kanmu. Mun kashe mai taimakon manomi saboda muninsa, mun sake da mai dafi saboda ƙanƙantarsa.

Tun daga ranar, in mai ado ya sauka mana, hure shi muke yi, mu wanke wurin da ruwa da sabulu. Baƙin kuwa, sai mu ɗaga ƙafa ya wuce.