Jan Biro a Kan Labarin Wani

Fiye da shekara ashirin ke nan ina koyar da Hausa, kuma fannin da na zurfafa a cikinsa shi ne kimiyyar harshe, wato nazarin sauti da ginin kalma da ginin jimla. Ban taɓa shirya fim ba, ban kuma taɓa rubuta shi ba. Duk da haka, idan na je hutu gida Ƙaura Namoda, da wuya a yi kwana uku ba a yi sallama da ni ba, in fito zaure in tarar da saurayi riƙe da littafin rubutu, yana cewa, "Malam, labarin fim ne na tsara, ina son a duba mini kafin in kai Kano." A ganinsu, wanda ya karanta Hausa har ake ce masa dakta, babu abin da zai shige masa duhu a cikinta. Wannan kyakkyawan zato shi ya kai ni ga kuskuren da zan ba da labarinsa.

Abin da suke kawowa ba cikakken rubutun fim ba ne mai fitowa-fitowa. Taƙaitaccen labari ne, shafi biyu ko uku, wanda furodusa zai karanta cikin 'yan mintoci ya yanke shawarar zuba kuɗinsa ko ƙin zubawa. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sannan Sangaya ya cika gari a 1999, matasanmu suka fahimci labari ma haja ne. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, finafinai masu dogon zango suka bunƙasa a talabijin da YouTube, sai buƙatar marubuta ta ƙara yawa.

Wajen shekarar 2006 wani saurayi daga wani ƙauye da ke kan hanyar Shinkafi ya kawo mini nasa. Tauraron labarin tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, wanda kullum da safe yake sanya kakinsa ya tafi tasha ya zauna, ko da yake jirgin ya daina zuwa, 'ya'yansa kuma suna jin kunyar abin da mutane ke faɗi. Duk wanda ya san garinmu ya san nauyin wannan hoto. A Ƙaura layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a 1929, kuma gyaɗa da audugar da aka yi ta lodi a tashar nan suna cikin abin da ya raya garin.

Ni kuwa sai na ɗauko jan biro. Na raba "yazo" ta koma "ya zo", na sanya wa kowace ƙ da ɗ ƙugiyarta, na cire "ne" daga jikin kalmomin da ya manna ta. Kafin in kai ƙarshen shafi na uku takardar ta yi jawur. Mafi muni, inda tsohon yake tambayar ɗansa, "Mi kaka so?" sai na soke, na rubuta "Me kake so?" Ke nan ni da nake koyar da karin harshe a aji, na cire wa tsoho Bazamfare harshensa na liƙa masa na Kano. Saurayin ya yi godiya, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. Sai bayan sallar isha'i na tuna ko kalma ɗaya ban ce masa game da labarin ba. Bai sake dawowa ba, ni kuma ko sunan ƙauyensu ban riƙe ba.

Daga baya na riƙa tuna gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Dokta Rupert East ya jagoranta daga Zariya, wadda ta samar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A lokacin ko haruffan nan masu ƙugiya ba su gama zama a rubutun boko ba. Da a ce da ma'aunin ƙa'idojin rubutu na yau aka fara auna marubutan, da wataƙila babu wanda zai tsallake. Labari aka fara nema a wurinsu. Shaihu Umar ɗin nan na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi Adamu Halilu ya mayar fim a 1976.

Kada mai karatu ya ɗauka ina rage wa ƙa'idojin rubutu daraja. Da su nake ci, kuma ɗalibin da ya fita kwaleji bai iya raba kalma ba, an cuce shi. Magana ce ta abin da ya kamata ya zo farko. Malamin da aka miƙa wa insha'in yaro ɗan aji biyar yana cikin irin halin da na shiga a zaure: gyaran baƙaƙe yana da sauƙi, ana ganinsa, yana kuma sa malami ya ji ya yi aiki. Tambayar abin da yaron yake son faɗi ita ke cin lokaci.

Tun daga nan na sauya hanya. Idan aka kawo mini labari, nakan kife takardar in ce a ba ni shi da baki. In mai labari ya kasa faɗinsa cikin jimla huɗu ko biyar, to bai riga ya san jigonsa ba. Daga nan sai in tambaya: me tauraron yake nema, wa ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba? Sau da yawa a wajen amsa tambaya ta ƙarshe ake yin shiru.

A 2022 wata yarinya daga Zurmi, mai shirin shiga kwaleji, ta zo tare da gwaggonta ta wajen mai ɗakina. Labarinta na 'yar wani attajiri ne a Abuja, samari biyu na takara a kanta, da tafiya Dubai, da waƙa uku. Na saurara har ƙarshe, ban ji abin da ban taɓa gani a fim ba, sai wani direban mota da ya ɓullo sau ɗaya ya miƙa wasiƙa ya wuce.

Na ce, "Ɗiyata, a zamanin waya, me ya kawo wasiƙa?"

Nan take muryarta ta sauya. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, an kuma rufe kasuwannin mako-mako, har da babbar kasuwar Shinkafi. Mutane suka koma aika takarda ta hannun direbobi. Ta ce mahaifinta yana jinya a Gusau a lokacin, kuma kullum ita ake aika tasha ta jira wani direba, ta karɓo takarda ta karanta wa mahaifiyarta. Wata rana ta karanta abin da ba shi ke rubuce ba, don kada hankalin uwar ya tashi. Ta yi kusan rabin awa tana magana, gwaggon tana share hawaye, ban katse ta ba.

Na ce mata ai ga fim ɗin nan, ta watsar da Abuja da samarin. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malam, wa ka sayen wanga? Furodusa soyayya yaka so."

A nan na kusa maimaita kuskurena ta wata fuska. Da na ga labari mai kyau, sai na fara tsara shi yadda ni, mai shekara hamsin da ɗoriya, nake son in kalla. Alhali ita ta fi ni sanin masu kallo, domin tsararrakinta ne, kuma ba ta yi ƙarya ba game da kasuwa. Na ja bakina, na ce ta tafi da tambaya ɗaya kawai: wace ƙarya yarinyar cikin labarin za ta yi, kuma yaushe asirinta zai tonu?

Bayan wata biyu ta aiko da sabon tsari. Ta bar Abuja, amma ba ta bar soyayya ba. Ta mayar da yaron motar direban shi ne saurayin, shi kaɗai ya san abin da ke cikin takardun. Waƙa ɗaya ta rage. Ban yi tunanin wannan dabara ba, kuma ta fi tawa. Kurakuran rubutu suna nan birjik, na bi su da fensir a gefen shafi, na bar maganganun mahaifiyar da Zamfarcinsu yadda ta rubuta.

Har yanzu ba a yi fim ɗin ba. Ta kai wa mutum biyu a Kano, ɗaya ya ce zai kira ta. A hutun da ya wuce na bi ta tashar jirgin Ƙaura da yamma, na tambayi masu shayin bakin hanya ko sun san wani tsohon ma'aikaci da ya riƙa zuwa da kaki yana zama. Ɗaya ya ce ya taɓa jin labarinsa, sauran suka ce ba su sani ba.