Ranomafana: dajin da ake raɗa wa furanni suna

Daga Antananaribo, babban birnin tsibirin Madagaskar, mai son zuwa Ranomafana sai ya ɗaura ɗamarar wuni guda cikin mota. Tafiyar kilomita wajen 400 ce, a bisa babbar hanya mai lamba 7 wadda ta nufi kudu, tana ratsa jar ƙasa da gonakin shinkafa da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsaunuka. A wuce Antsirabe, garin kekunan da mutum ke ja da ƙafa, a wuce Ambositra ta masassaƙa, sannan kafin a kai Fiyanarantsowa hanya ta karkata gabas. Daga nan ƙasa take sauya kama. Jan turɓaya ya ƙare, hazo ya sauko, itatuwa su rufe hanya hagu da dama, kogin Namorona kuwa yana ta ruri can ƙasa cikin kwazazzabo.

Sunan garin da harshen Malagasi yana nufin ruwan zafi, saboda maɓuɓɓugar da ke wurin, wadda tun zamanin mulkin Faransa ake zuwa wanka cikinta don neman lafiya. Amma ba ruwan ne ya fitar da sunan Ranomafana duniya ba. A shekarar 1986 wata masaniya ƴar Amurka, Patricia Wright, da wani Bajamushe, Bernhard Meier, suka ci karo da wata dabba cikin kurmin gora. Dabbar tana daga dangin da ake kira lemur, masu kama da ƙananan birai, waɗanda ba a samun su a daji ko'ina sai Madagaskar da tsibiran da ke kusa. Gashinta ruwan zinariya ne, kuma babu littafin da ya san da ita. Abincinta tohon gora, wanda ke ɗauke da dafin da yawan abin da take ci a wuni zai iya kashe wata dabba mai girmanta sau da dama, amma ita ko gezau. A 1987 aka ba ta suna, a 1991 gwamnati ta killace dajin, fiye da ekta 41.000, ya zama gandun ƙasa. Suna guda ne ya tsayar da gatarin masu yankan katako.

Baƙon da ya shiga gandun yakan ɗaga kai sama yana neman lemur. Masana tsirrai su kuwa idonsu yana kan rassa da ƙasa, don abin da ya kawo su shi ne furannin da Turawa ke kira orkide. Bahaushe zai iya kwatanta yawancinsu da kauci, tun da a jikin itace suke zama, sai dai akwai bambanci: kauci yana tsotson itacen da ya hau, orkide kuwa aron mazauni kawai yake yi, saiwoyinsa suna shan raɓa da ruwan sama. Madagaskar tana da kusan iri 1.000 na waɗannan furanni, kuma mafi yawansu babu su a wata ƙasa. Vanil da ake sa wa yawur da gato ƙamshi ma ɗan gidan ne, ko da yake shi baƙo ne daga Meksiko.

Aikin neman sabon iri ba shi da daɗin da ake zato. Ruwa yana zuba kusan kullum, hanya santsi, matsattsaku kuwa suna shiga takalmi ba sallama. Wani furen kwana kaɗan yake yi a buɗe cikin shekara, in an makara sai baɗi. Kuma ganin fure a daji somin-taɓi ne. Sai an tsinko shi, an danne shi tsakanin takardu ya bushe, an jiƙa wani cikin alkol don kada siffarsa ta lalace, an rubuta wuri da rana da tsawon tudun da aka same shi. Daga nan a kai shi ma'ajiyar busassun tsirrai ta Tsimbazaza a Antananaribo, a gwada shi da waɗanda ke ajiye a Paris da kuma lambun Kew na Ingila. Dalilin Paris a fili yake: masanan Faransa sun daɗe suna kwasar tsirran tsibirin, kuma ɗayansu, Henri Perrier de la Bâthie, ya wallafa littafin orkide na Madagaskar tsakanin 1939 da 1941. Har yau wanda ke son ya tabbatar cewa furensa sabo ne, tilas ya bi ta kan waɗannan tsofaffin takardu. In ya tabbata, sai ya zayyana siffarsa, ya raɗa masa suna na Latin mai kalma biyu, ya ware samfuri guda wanda zai zama shaida har abada, ya buga a mujallar masana. Kafin a yi wannan, a idon doka da hukumomin kare daji, tsiron tamkar babu shi.

Labarin wani fure na Ranomafana ya isa misali. Tun cikin shekarun 1990 aka tsinko shi, aka ajiye da sunan wani ɗan'uwansa da aka riga aka sani. Sai a 2019 Johan Hermans, mai bincike tare da lambun Kew, ya same shi da fure a gindin itace, a binne cikin ruɓaɓɓun ganyaye. Ba shi da ganye ko ɗaya, ba shi da kore. Ba ya cin hasken rana kamar sauran tsirrai, abincinsa yana zuwa ta hanyar funfunar da ke cikin ƙasa. Furen bai wuce milimita 11 ba, launin ƙasa-ƙasa, a buɗe kamar bakin da ba haƙora. A 2020 aka raɗa masa Gastrodia agnicellus, kalma ta biyu tana nufin ɗan tunkiya, saboda gashin da ke jikin saiwarsa. Jaridun Turai suka yi ca, suka laƙaba masa orkide mafi muni a duniya. Rashin adalci ne kaɗan, don waɗanda suka sunsune shi sun ce yana da ƙamshi. Kuma yana da dabara: in ya ɗauki ƴaƴa, sai karansa ya miƙe ya ɗaga su sama da ƙasa, don iska ta kwashi irin, wanda ƙanƙantarsa kamar ƙura.

Sai dai killace daji ba ya zuwa kyauta. Mutanen yankin, Tanala, ma'anar sunansu mutanen kurmi, sun gaji noman da suke kira tavi: a sare wani yanki, a bari ya bushe, a sa wuta, a shuka shinkafar tudu shekara biyu ko uku, a matsa gaba. Lokacin da mutane ba su da yawa, daji yakan samu sararin komawa. Da jama'a ta ƙaru, sai wuta ta riƙa dawowa wuri guda kafin ya farfaɗo. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tsakanin 1953 da 2014 tsibirin ya rasa kashi 44 cikin 100 na dazuzzukansa. Da aka shata iyakar gandun, ƙauyuka da dama suka wayi gari an hana su gonakin kakanninsu, da zuma, da itacen gini. An tsara a riƙa ba su rabin kuɗin shiga da baƙi ke biya don ayyukan gari, wasu matasa sun zama ƴan jagora, wasu sun samu aiki a cibiyar bincike ta ValBio da aka buɗe a 2003 a bakin gandun. Amma ƙauyen da ke nesa da kwalta ba ya ganin baƙo, kuma mai iyalin da rumbunsa ya ƙare ba a yi masa wa'azin fure. Guguwar Batsirai ta watan Fabrairun 2022, wadda ta faɗo ta gaɓar Mananjari, ta ƙara wa manoman yankin nauyi a kan nauyi.

Abin lura kuma, ƴan jagoran nan su ne idon masana. Su suka san rafin da wane fure yake, da watan da yake buɗewa. Da can sunan Bature kaɗai ke fita a takarda. Yanzu sunayen masana ƴan ƙasar suna ƙara bayyana a cikinta, ko da yake kuɗin binciken da manyan ma'ajiyu har yanzu suna ƙetaren teku.

Daga Ranomafana kwalta tana gangarawa gabas zuwa gaɓar teku, inda zafi da laima suka fi yawa. A dazuzzukan wannan gaɓa ne orkide mafi suna a tsibirin yake, fari fat, mai siffar tauraro, Angraecum sesquipedale. Wani Bafaranshe, du Petit-Thouars, ya gan shi a ƙarshen ƙarni na 18, aka buga bayaninsa a 1822. A bayan furen akwai wani siririn bututu mai tsawon kusan santimita 30, ruwan zaƙin kuwa yana can ƙarshensa. A 1862 aka aika wa Charles Darwin furen a Ingila. Da ya auna bututun, sai ya ce lalle akwai wani ƙwaro a Madagaskar mai harshen da ya kai wannan tsawo, in ba haka ba furen ba zai samu mai kai masa garin haihuwa ba. Wasu suka ɗauki maganar almara. Darwin ya rasu a 1882 bai ga ƙwaron ba. A 1903 Walter Rothschild da Karl Jordan suka bayyana wani babban malam-buɗe-littafi na dare daga tsibirin, mai harshe a naɗe kamar gammo, suka ƙara wa sunansa kalmar praedicta, wato wanda aka yi hasashensa. Duk da haka sai a 1992 aka samu ganinsa yana shan furen, shekara 130 bayan maganar Darwin.

Ana tsammanin an rufe wannan babi, sai ga wani. A 2009 wani masanin tsirrai ɗan Madagaskar, Patrice Antilahimena, mai aiki da lambun tsirrai na Misuri ta Amurka, yana ƙidayar tsirran wani daji a gabas ta tsakiyar tsibirin, inda za a haƙa ma'adinai. Ya tsinko wani orkide mai ɗan ƙaramin fure, amma bututunsa ya kai santimita 33. Babu wanda ya zaci samun irinsa, don haka da aka raɗa masa suna a 2024 aka ce Solenangis impraedicta, wanda ba a yi hasashensa ba. Shekara 15 ke nan tsakanin tsinka da raɗin suna. A tsawon wannan lokaci masanan sun ɗebi wasu tsirran daga kusa da mahaƙar suna reno a lambu, sun kuma adana irinsa a ma'ajiyar iri.