Ranar da muka yi cigiyar Baba



A watan jiya wani dattijonmu na nan Orozo, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan, ya fita sallar Asuba bai dawo gida ba. Muka bazu nema, wasu Kurudu, wasu Jikwoyi, wasu har Nyanya. Sai bayan La'asar wani ɗan acaɓa ya gan shi a bakin titin Karshi, ba takalmi, yara sun kewaye shi suna dariya. Hanyar gidan mahaifinsa yake tambaya, mahaifin da ya rasu tun kafin a haifi yawancinmu.

Daren nan mun ji maganganu iri-iri. Wani ya ce sammu ne, wata ta ce iska ce, wasu suka ce gigin tsufa ne kawai. Mu ma muna da namu laifin. Kusan shekara biyu ke nan Baba yana maimaita tambaya ɗaya sau uku a zaman taro, lissafin kuɗin wata yana kuɓuce masa, alhali shi ne ma'ajinmu na farko. Dariya muka riƙa yi, muna cewa tsufa ya zo.

Da iyalinsa suka kai shi asibiti, likita ya ce cutar mantuwa ce, irin wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayaninta a 1906. Da izininsu muke wannan rubutu, bayan mun yi tambaya mun kuma yi karatu.

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗa shi. Idan ka yanke a hannu, ƙwayoyin fata sukan rabu gida biyu, biyu su zama huɗu, har ciwon ya rufe. Kafin kowace ta rabu sai ta kwafi kundin gadon da ke cikinta, wanda likitoci ke kira DNA, don kowane ɓangare ya sami nasa. Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, waɗanda yawansu ya kai kimanin biliyan 86, ba haka suke ba. Da zarar sun girma sun daina rabuwa, mafi yawansu da su mutum zai rayu har ƙarshen kwanansa.

Tun shekarun 1990 masu bincike suka lura cewa a ƙwaƙwalwar masu wannan cuta, wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna sake tayar da shirin rabuwa. A 2001 Karl Herrup da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa har kundin gadon nasu suke kwafa, amma rabuwar ba ta yiwuwa. Kamar doguwar naƙuda ce babu haihuwa: ƙwayar ta maƙale a tsakiya, ta daɗe a haka, daga baya ta mutu. Masana na ci gaba da nazarin yadda wannan ke haɗuwa da sauran abubuwan da ke lalata ƙwaƙwalwa. Cikin wuraren da ɓarnar ke fara taɓawa akwai sashen da ke ajiye sabbin abubuwa. Shi ya sa Baba ba ya tuna ko ya karya kumallo, amma ƙofar gidan mahaifinsa tana nan daram a ransa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kuma fiye da rabinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke, irin tamu. Ita ta Alzheimer har yau ba a sami maganin warkar da ita ba. Amma ba kowace mantuwa ce ita ba. Ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo da ciwon damuwa duk suna kawo mantuwa, kuma suna jin magani. Hawan jini da ciwon sukari da aka yi wa sakaci suna ƙara haɗarin kamuwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa asibiti da wuri.

A zamanmu na ƙarshe mun amince da abu uku. Duk gidan da ke da dattijo mai irin wannan alama, a sa masa takarda mai lambar wayar iyali a aljihu. Asusun jinya na ƙungiya zai ɗauki kuɗin mota zuwa Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Sannan za mu riƙa karɓa-karɓa wajen zama da Baba, don Hajiya ta sami hutu, domin ita ce ba ta barci. A kuma ja wa yara kunne.

Ranar 21 ga Satumba ce ranar tunawa da wannan cuta a duniya. In Allah ya kai mu, za mu gayyato ma'aikacin lafiya ya auna jinin dattawanmu bayan sallar La'asar.

Baba yana gida yanzu. Idan kun je gaishe shi, ku faɗi sunanku da na mahaifinku. Idan ya sake tambaya, ku sake faɗa. Allah ya ba shi sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Sakatare