Taswirar Malaminmu Ba'amurke

A shekarar 1963 na bar Roni zuwa sakandare a Kano, ɗauke da akwatin ƙarfe da tabarma. A can na fara ganin Ba'amurke ido da ido. Dogon saurayi ne, cikin matasan Peace Corps, shirin da Shugaba Kennedy ya kafa a 1961 don tura 'yan sa kai ƙasashen waje. Labarin ƙasa yake koya mana, kuma a kan keke yake zuwa makaranta, abin da ba mu saba gani wurin Turawan Ingila ba.

Taswirarsa ta fara ɗaure mana kai. Mun saba da ta Ingila, wadda Afirka take tsakiyarta. Tasa kuwa Amurka ce a tsakiya, an tsaga Asiya gida biyu, rabi a dama, rabi a hagu. Shi bai ga abin mamaki a ciki ba. Haka ya gaya mana cewa a ƙasarsu duk ƙungiyar da ta lashe gasar ƙwallon sanda ana kiranta zakarar duniya, alhali a lokacin ba wata ƙasa da take shiga gasar. Yakan kuma yi alfahari da tashar da Amurkawa suka kafa a Kano, wadda ta bi sawun kumbon John Glenn lokacin da ya zagaya duniya sau uku a Fabrairun 1962.

Mutum ne mai kirki. Ya yi imani da zuciya ɗaya cewa ƙasarsa ta gano hanya, sauran duniya kuma tana tafe a baya, ja kawai take buƙata.

Da hutu ya zo, ya ce zai raka ni gida. Muka hau motar katako zuwa Kazaure, daga nan muka ƙarasa Roni a kan kekuna, tsakanin duwatsu da gonakin gyaɗa. Baba ya shimfiɗa masa buzu a zaure, aka kawo fura. Bayan gaisuwa, baƙon ya shiga ba da labarin dogayen benaye da manyan tituna, ina fassarawa. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"To, Malam, wannan Amurka taku, gabas take da Makka ko yamma?"

Malamin ya yi shiru. Daga baya ya gaya mini cewa ranar ya fara gane kowa da tsakiyar duniyarsa. Da muka koma makaranta, sai ya rataye taswirar Ingila kusa da tasa.

Na tsufa ina jin labarin Amurka a rediyo, daga yaƙin Biyetnam zuwa na Iraƙi a 2003, wani lokaci ta bakin Muryar Amurka, wadda ta buɗe sashen Hausa a 1979. Duk sanda na ji shugabanninsu suna magana da yawun duniya baki ɗaya, taswirar nan nake tunawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wannan ba laifi ba ne. Amma mai ƙarfi idan ya ɗauka kukansa ne kukan kowa, na ƙasa ne suke ji a jikinsu. Malaminmu ya zauna a buzu ya saurara, shi ya sa har yau nake tuna shi da alheri.